Farin Ƙyallen Tungar Maje

"Kama ni a hankali, Is'haƙa, ni ba taya ba ne," in ji Almu, sa'ad da ni da ɗana Shafi'u muke ciccibar shi zuwa gaban kanta, motar kayan da yake tuƙi.

Ƙafafunai sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Nic ce mashi wanga aiki hauka ne. Mutumin da ba ya iya zuwa bayan gida da kanshi, mi zai kai shi hanyar Isa?

"Hanyata ce," yac ce. "Rufe ƙofa."

Katanga ɗaya ta raba gidana da na Almu a Sabon Birni. Ni faci nike yi a bakin tasha, shi direba ne. Tun ina saurayi nike ganin shi kan hanya guda: ya ɗauki albasa da gero ya kai Isa, ya komo da gishiri da taki da siminti. Direbobi suna yi mashi dariya, suna ce mashi jakin kasuwa, wai bai san ko launin kwaltar Kaduna ba. Bai taɓa tanka masu ba. Matatai ta rasu, 'ya'yanshi sunka ƙetara Maraɗi lokacin da 'yan bindiga sunka matsa, shi yaƙ ƙi bin su. Sai yaz zamana daga shi sai buta da rediyo a gidan.

Abin da ya haɗa mu rigima shi ne Shafi'u. Ya gama koyon tuƙi, ya samu lasin, ga mata ga jariri. Alhaji Marwan mai motoci ya ba shi zaɓi: ko ya bi tirela zuwa Legas a matsayin direba na biyu, ko ya karɓi kantar Almu, ya tsaya kan hanyar Isa ita kaɗai. Ni Legas nike so. Ba don ina son Legas ba. Na dai ga motocin da aka jawo daga hanyar Isa, na ga ramukan harsashi a jikinsu, ni nike cire masu taya.

"Sabon direba hanya guda ta fi mashi," Almu yakan ce ta saman katanga. "Ya san kowane rami, kowane rami ya san shi. Ya kwana gida. In ya lalace a daji, wanda zai zo mashi ya san sunan ubanshi."

"In an tare shi fa? Sunan ubanshi zai hisshe shi?"

"Ni an taɓa tare ni?"

Ba a taɓa ba. Wannan ne ke ba ni haushi, don ban san dalili ba, kuma na ɗauka sa'a ce kawai.

Ranar da munka ɗora shi gaban mota, ni ma na shiga, don in ya mutu a hanya kada a ce yarona ya kashe shi. Shafi'u ke tuƙi. Almu ya jingina da ƙofa, numfashi na yi mashi wuya, amma bakin bai mutu ba.

"Rage. Nan ƙasa ke cin taya in an yi ruwa. Bi hagu. Kai, hagunka, ba na ubanka ba."

Kowane ƙauye da irin odar mota da Almu ke sa a danna mashi. Mata su hito da ƙullin saƙo, wani tsoho ya miƙo kwalbar magani a sayo mashi irinta a Isa. Suna leƙo kai su ga Almu, sai murya ta canza. "Direba, haka ka koma?" Shi ko sai ya nuna Shafi'u da haɓa. "Ku dube shi da kyau. Shi za ku riƙa gani."

Nic ce, "Ban yarda ba tukuna."

"Wa ya tambaye ka?"

Kafin a shiga dajin da kowa ke tsoro akwai Tungar Maje, gidaje kaɗan da wata tsamiya a bakin hanya. Almu ya sa anka tsaya nesa.

"Shafi'u, mi ka gani kan tsamiya?"

"Wanki ne, Baba Almu. Wani farin ƙyalle."

"Ba wanki ba ne. Tasalla ke rataya shi. 'Ya'yanta na kiwo cikin dajin, su ke ganin sawun baburan 'yan bindiga. In ƙyallen na nan, wuce. In babu shi, kada ka tambayi kowa, kada ka jira, kada ka ce kayan Alhaji za su ruɓe. Juya."

Tasalla ta hito, tsohuwa ce doguwa mai baƙin zane. Ta daɗe tana kallon ƙafafun Almu. Ba ta yi mashi sannu ba. Sai tac ce, "Ka kawo min gishirina?"

"Yaron zai riƙa kawowa."

"Shina da kunne?"

"Ya fi ubanshi."

Ta dube ni, ta yi 'yar dariya. A nan nij ji cewa shekarun baya, cikin damina, Almu ya ɗauki ɗiyarta tana naƙuda ya kai asibitin Isa, lokacin da babu motar da ta yarda ta tsaya. Tun daga sannan take rataya ƙyallen. Duk zaman da munka yi katanga ɗaya, bai taɓa gaya min ba.

Da munka komo bai sake hita ba. Matata Fatsuma ke miƙa mashi kunu, yakan kurɓa kaɗan ya ture. Direbobin tasha sun zo sau ɗaya, sunka tsaya daga ƙofa. 'Ya'yanshi sun ce suna nan tahe, ba su zo ba. Da la'asar nikan rufe faci in zauna wurinshi. Rediyo na ta surutu, shi yana kallon rufin ɗaki. Rannan yac ce, "Ka bar yaron."

"Ɗana ne."

"Na sani. Shi ya sa nike roƙo."

Shafi'u kuwa bai jira amsata ba. Ranar kasuwar Isa ya yi lodin albasa, ya tahi shi kaɗai karo na farko. Ko sallama ban karɓa ba, na duƙa kan wata taya kamar ban gan shi ba.

Hantsi bai gama ɗagawa ba Fatsuma ta aiko a kira ni. Na tarar da Almu ya juya fuska gabas da kanshi. Na yi mashi kalmar shahada, leɓenshi ya motsa, shi ke nan. Rediyon na nan a kashe.

Na kira Shafi'u, waya ba ta shiga, don layinmu ba ya kamawa a hanyar. A wayar Almu lamba ta farko ta Tasalla ce, layin Nijar, wanda ke kamawa can in an hau tudu. Na gaya mata. Sai tac ce, "Yaron ya wuce?"

"Yana hanya."

Ta kashe waya.

Muna cikin yi wa Almu wanka, ni da liman, nij ji odar kanta a ƙofar gida. Shafi'u ya shigo a firgice, albasa na nan cike a mota.

"Baba, babu ƙyalle! Na juyo. Ko tsayawa ban yi ba."

Sai yag ga tabarmar da anka shimfiɗa a tsakar gida, ya yi tsaye.

Jim kaɗan ɗan kabu-kabu ya sauke Tasalla, sun biyo ta gonaki. Ƙyallen na hannunta a ninke. Ta miƙa wa liman. "Wankakke ne, Malam. A sa mashi cikin likkafani." Ta juya wurin Shafi'u. "Hanya lafiya lau take. Ni na sauke shi, don ka zo ka ɗauki mai gidanka. Wa gare shi in ba kai ba?"

Shafi'u ya kama gaban makara. Sahun bai yi tsawo ba: mu maƙwabta, da direbobi kaɗan, da wasu mutanen ƙauyukan hanya da sunka iso da ƙura har gwiwa.

Da munka komo daga maƙabarta, Tasalla na zaune a zauren Almu tana jiran mai babur. Na wuce kasuwa ban gaya wa kowa ba. Na sa anka yanko min farin yadi, na ce mai kauri, wanda iska ba za ta yaga ba. Na aje mata kan cinya.

"Ki ɗaure shi da kyau," nic ce. "Sama, inda za a hango daga nesa."

Ta shafa yadin.

Yanzu da la'asar in na rufe faci, nikan zauna a dakalin Almu. Ƙofar na kulle, butarshi na nan inda ya bar ta gindin katanga. Ina zaune har in ji odar kanta daga wajen gada, sannan in tashi in shiga gida.