Yadda Na Ƙwato Motar Orval

Mijina Orval ya sayo motar ne a gwanjon ƙaramar hukumarmu. Doguwar bas ce ta ɗaukar 'yan makaranta, mai lamba arba'in da bakwai, ta gaji da hawa da gangara a duwatsun gabashin Tennessee aka ajiye ta. Ranar da ya shigo da ita ƙofar gida har ta take mini shukar tumatir. Na fito da ludayi a hannu na ce, "Tsoho, hauka ka fara?" Ya ce, "Dovie, gida na sayo miki." Na ce to ya shiga ya kwana shi kaɗai.

Shekara uku yana kanta. Ya fitar da kujeru, ya ɗaga daɓen ya kankare tsatsa da hannunsa, ya shafe ruwan ɗorawar nan da koren fenti, tunda doka ba ta yarda mutum ya yi yawo da kalar makaranta ba. Ya sa gado da murhu da banɗaki da tankin ruwa, ya jera faranten sola a sama. Ni ce mai riƙe masa fitila da miƙa masa sukuru, ina yi ina mita. Da ta kammala muka bar gidan haya muka koma ciki. Shekara shida muka yi, da sanyi mu gangara Arizona, da zafi mu dawo mu ajiye ta a gonar ƙanensa. Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa zama a gidan da na so kamar wannan ba.

A watan Afrilu zuciyarsa ta tsaya, yana zaune da kofi a hannu.

Na so in ci gaba da zama a ciki ni kaɗai, gwiwoyina suka ƙi. Matakala huɗu ne daga ƙasa zuwa kujerar direba, sau biyu ina faɗuwa a kansu. 'Yata Charlene ta ce garejinsu za a iya mayar da shi ɗaki da banɗaki, ƙasa da ƙasa, ba hawa ba sauka. Magini ya duba ya ce aikin zai ci dala dubu ashirin da takwas. Ita da mijinta ba su da su, ni kuma abin da na mallaka a duniya motar nan ce. In ta yi kuɗi in zauna a bayan gidan 'yata. In ba ta yi ba sai gidan tsofaffi na gwamnati, inda yayata Opal ta yi wata tara tana kallon bango kafin ta mutu.

Akwai wani dillali, Dwight Pruitt, mai filin sayar da tsofaffin motocin kwana a bakin babbar hanya, ya kewaye shi da 'yan tutoci ja da fari. Can ƙanen Orval ya kai mini ita. Pruitt ya shiga ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bango nan da can, ya fito yana girgiza kai kamar likitan da ya ga gawa.

Ya ce, "Mama, ina hotunan?"

Na ce, "Hotunan me?"

"Na aikin mana. Masu sayen irin wannan ba gado da labule suke saye ba, abin da ke bayan bango suke saye. Duk wanda ya gyara bas yana ɗaukar hoto kafin ya rufe katako, a ga yadda ya ja wayar wuta, a ga yadda ya kashe tsatsa. In babu hoto, wa ya san abin da tsohon ya cusa a ciki?"

Orval da hoto? Wayarsa irin mai murfin nan ce, ita ma a aljihun mota take kwana. Na ce babu.

"To kada in ɓoye miki, tarkace ce. Aikin gida ne, kamfanin inshora ba zai taɓa ta ba, gobe ta kama da wuta ni za a nema. Ƙarfen da injin zan saya. Dubu shida, shi ma don darajar furfurarki."

Wata biyu ke nan da binne Orval. Kaina bai dawo ba. Na ce to. Ya ba ni caki na dala ɗari biyar kafin alƙalami, ya karɓi makulli, ya ce in je a mayar da takardar mallaka daga sunan Orval zuwa nawa, in kawo in sa hannu a biya ni sauran. Na koma gidan Charlene na kulle kaina a banɗaki na yi kuka, ba don kuɗin kaɗai ba. Aikin da mutum ya yi shekara uku yana durƙushe a kan gwiwa, wani ƙato mai zobe a yatsa ya kira shi tarkace, ni kuma na tsaya na ce to.

Ranar Lahadi ta biyu da yin haka, bayan an tashi daga coci muna cin wake da burodin masara a ƙarƙashin rumfa, Ernestine Goins ta jawo kujera ta zauna dab da ni. Ernestine ce ta tuƙa lamba arba'in da bakwai shekara goma sha tara kafin a yi gwanjonta. Rabin mutanen cocin nan ita ta kai su makaranta, har yau in ta ɗaga murya manya masu gemu suna gyara zama.

Ta ce, "Ke Dovie, ashe kin zama attajira ba ki gaya mana ba?"

Na ce, "Ernestine, bar ni in ci wakena."

"Na ga motata a filin Pruitt. Ku shafa mata kore ko shuɗi, na san lotsawar bayanta, ni na yi ta a jikin ginshiƙin cocin nan. Dubu arba'in da ɗaya ya rubuta a gilashi da farin fenti. A ƙasa kuma ya sa, aikin ƙwararren kafinta."

Cokalin ya faɗi daga hannuna. Na gaya mata yadda muka yi. Ta ce, "Kin sa hannu?"

"Takardar shekaranjiya ta fito da sunana. Gobe zan kai masa."

"Cakin fa?"

"Yana cikin Littafi Mai Tsarki."

"To bar shi nan ya sha wa'azi. Ki buga masa waya ki ce gwiwa ta tashi. Asabar za mu je, ranar da masu saye suke cika wurin."

Kwana shida na yi ina tafasa. Duk abin da ya kamata in gaya masa ran farko sai da na faɗa wa madubi.

Asabar da safe Ernestine ta ɗauke ni a motarta. Muka tarar da ƙofar bas ɗin a buɗe, Pruitt yana ciki da wasu mata da miji matasa, matar da jariri a ƙirji. Ernestine ta tallafe ni na hau. Daidai lokacin yana shafa rufin yana cewa, "Irin wannan hannu ya ƙare a duniya."

Na ce, "Hannun da ka kira tarkace?"

Ya juyo, fuskarsa ta yi ja har wuya. "A'a, Mama Dovie! Ki je ofis ki zauna, yanzu zan zo. Akwai shayi mai sanyi."

"Ka sha abinka. A cikin gidana nake, ba inda za ni." Na juya wajen matasan. "Mijina ne ya gina wannan. Sati uku da suka wuce mutumin nan ya ce mini ba ta wuce dubu shida ba, wai za ta kama da wuta. Ku tambaye shi yaushe wutar ta mutu."

Pruitt ya ce, "Kasuwa ke nan, Mama. Mun yi magana da ke, kin amince."

Ernestine ta ce, "Dwight, rufe mini baki. Kana aji uku ka yi fitsari a kujera ta biyar ta hannun hagu, ni na goge, ban gaya wa uwarka ba. Kada ka sa in tuna sauran."

Mijin ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Matar ba ta yi dariya ba. Sunanta Marisol, aikin wutar lantarki take yi, shi kuma Teague, mai dafa abinci ne. Ta ce da ni cikin ladabi, "Mama, ki yi haƙuri da rashin da kika yi. Amma zan gaya miki gaskiya, ko daga hannunki ne ba zan saya ba. Na tambaye shi hotuna ya ce sun ɓata. Ba zan kwantar da ɗana kusa da wayar da ban gani da idona ba."

Ashe maganar hoton ba ƙaryar Pruitt ba ce, gaskiya ce ya ɗauka ya yanka ni da ita. Na zauna a bakin gado ina kallon bangon, ina kallon kawunan sukurun nan a jere, kowane da tazarar tafin hannu. Sukuru dubu nawa na miƙa wa Orval? Sai abin ya faɗo mini.

Na ce, "'Yar nan, hoto kike so ko wayar kanta?"

Ta ce, "Ban gane ba."

"Babu ƙusa ko ɗaya a motar nan, babu gam. Na yi ta faɗa da Orval a kan haka, na ce ƙusa ta fi sauri. Ya ce wata rana abu zai lalace a hanya, ba ya so ya fasa bango. Jawo akwatin da ke ƙarƙashin kujerar direba."

Pruitt ya ce ba za a kwance masa kaya ba. Na zaro takardar mallaka daga jaka na ɗaga ta a gaban hancinsa. Karatuna ba nisa, amma na san sunana in na gan shi. Marisol ta miƙa wa mijinta jaririn, ta ɗauko sukurudireba, ta kwance katakon da ke bayan firji.

Wayoyin suna nan a jere cikin bututu, kowace da 'yar takarda a ɗaure. A bayan katakon kuma ga rubutun Orval da fensir, manyan baƙaƙe a karkace. Na sha ganinsa yana yi, na ɗauka surutun tsufa ne. Marisol ta karanta da ƙarfi, "Yuni, 2014. Jar wayar ta firji ce ita kaɗai. Kada a ƙara mata komai."

Ta kwance na biyu, ta kwance na uku. Sai haska tocila take yi tana bin waya da yatsa. Ta ɗaga murfin daɓe ta leƙa ƙarfen, ba tsatsa ko ɗigo. A katako na shida, na kusa da banɗaki, ta tsaya ta dube ni, sannan ta karanta a hankali, "Nan na yi kuskure, na cire na sake. Dovie ce ta gani."

Ban san ya rubuta wannan ba. Ernestine ta miƙo mini hankici ta ce in na gama in dawo mata da shi wankakke.

Marisol ta mayar da kowane katako wurinsa bayan ta ɗauki hotonsa. Ta ce aikin ya fi na wasu da take aiki tare da su. Amma ba ta yi mini daɗin baki ba. Ta fita ta duba tayoyi ta ce shekararsu tara, duka shida sai an canza, kuma motar da aka gyara a gida ba ta taɓa mayar da abin da aka zuba mata. Ta taya dubu talatin da ɗaya. Ernestine ta ce injin nan sabo aka sa shekara biyu kafin gwanjo, a gabanta aka sa, ba ta yarda a raina shi ba. Aka tsaya a talatin da uku.

Pruitt ya ce to kuɗin ajiya fa, da na wanki? Na ciro cakinsa na ajiye a kan murhu. Na ce, "Ga naka. Abu ɗaya nake so, ka faɗa a gabansu cewa ba tarkace ba ce." Ya ƙi. Ya jefar da makullin a kan gado ya sauka yana cewa zai ga lauya. Ernestine ta leƙa ta taga ta ce ya gaishe shi, shi ma ita ta kai shi makaranta.

Ranar Litinin muka haɗu a banki, daga nan muka je ɗaukar motar. Ernestine ta tsaya a kan Teague tana koya masa. "Ɗan nan, bayanta ya fi hankalinka tsawo. In za ka juya dama, gindinta hagu zai tafi. Ka ba ta fili." Ya ce ya gane. Bai gane ba. Yana fita ƙofar filin bayan motar ya share sandar tutocin Pruitt, igiyar ta biyo su tana kaɗawa har kan kwalta. Allah ya yafe mini, na yi dariya har sai da na riƙe mota.

Yau sati biyar magini yana aiki a garejin, jiya aka sa tagar da ke kallon lambu. Ernestine ba ta karɓi ko kwabo ba, sai kek ɗin tuffa da na gasa mata, shi ma ta ce sukari ya yi kaɗan. Marisol takan turo wa Charlene hotunan yaron yana rarrafe a tsakiyar motar. Ernestine da Marisol, ban san da bakin da zan gode musu ba, sai dai ina sa su a addu'a da sunansu kullum.

Pruitt kuwa ban gama da shi ba. Na zaunar da Charlene na faɗa ta rubuta, muka aika ƙara ofishin da ke ba dillalai lasisi, don na tabbata ba ni ce gwauruwa ta farko da ya tambaya hotuna ba. Sun ce sai an yi wata uku kafin a duba. Su ɗauki lokacinsu. Yanzu ina da inda zan zauna in jira.