Keken da Aka Ba Yaya

A kamfaninmu na ɗinkin kayan ma'aikata, kowa ya san gurbin ajiye motar da ke gindin bishiya, dab da ƙofar shiga, na Yaya ne. Ba a rubuta hakan a ko'ina ba. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, amma har mai gadi Yaya yake ce mata. Gwiwarta ta hagu ta lalace tun wani hatsari da ta yi, da sanda take tafiya. Ko baƙo ya karyo kan mota zai shiga wurin, mai gadi zai ɗaga masa hannu ya ce, "Yallaɓai, ɗan matsa gaba, nan da mai shi." Motar kuwa tsohuwa ce ta marigayi mijinta, sai an lallaɓa ta take tashi, amma tana kai mu tana dawo da mu.

Sai aka kawo mana jami'in kula da muhalli, wani saurayi mai zuba turare kamar da shi yake wanka. Kullum da koriyar riga, muka sa masa suna Ɗan Kore. Ya tara mu a ɗakin cin abinci, ya haska mana hotunan hayaƙi a bango, sannan ya ce daga sabon wata duk wanda ya zo da mota za a cire masa kuɗin ajiye ta daga albashi.

"Ba don kuɗin ba ne," ya ce yana dafe ƙirji. "Don jikokinmu ne. Mai motar lantarki kuwa kyauta zai ajiye."

Wata daga sashen guga ta ce, "To wa ke da motar lantarki a nan?"

Duk mun sani. Manaja ne da mataimakinsa.

Ba a jima ba masu zarto suka zo suka sare bishiyar, wai saiwarta za ta taɓa wayar na'urar cajin motocin. Suka share wurin, suka shafa masa koren fenti, suka zana hoton ganye a tsakiya. Na tsaya ina kallon kututturen. Sai da mai gadi ya ce in wuce kada a gan ni ina tsaki.

Yaya ta duba abin da zai rage mata in an cire, ga haya ga maganin gwiwa, ta ga ba zai kai ta ƙarshen wata ba. Ta rufe motar da tamfal, muka koma hawa bas. Tashar bas ɗin tana can ƙasan gangare, kamfanin yana sama. Ni da ƙafafuna lafiya sai na yi haki kafin in kai, balle ita. A bakin ƙofa kuma akwai na'urar da ake danna yatsa, ba ta san gwiwa ba. In gargaɗin makara ya taru wa mutum, sallama ce.

Da farko nakan tsaya in riƙe mata jaka. Ta hana ni. "Wuce ki danna yatsanki," ta ce. "So kike a haɗa mu biyu a kora? Wa zai ciyar da wa?"

Na je wajen Ɗan Kore. Ya ba ni kujera, har da miƙo min ruwa. "Anti, wallahi na fahimce ki ɗari bisa ɗari," ya ce. "Amma in aka ɗaga wa mutum ɗaya, kin san kowa zai zo da gwiwarsa. Ki gwada ofishin kula da ma'aikata." Su kuma suka ce maganar ajiye mota ta muhalli ce, in koma wajensa. Na yi ta zirga-zirga tsakaninsu har na gane wasa suke da hankalina.

Wata safiya muka tarar da ƙaton hoto a bangon shiga. Yaya ce, tana hawo gangare da sandarta, zufa ta jiƙe mata mayafi, bakinta a buɗe don haki. Ashe daga tagar ofishinsa ya ɗauke ta. A ƙasa an rubuta da koren rubutu: JARUMARMU, TA BAR MOTA DON MUHALLI. An ma gyara hoton yadda hakin ya zama kamar murmushi. Ban taɓa jin ƙyamar wani abu kamar hoton nan ba. Ita kuwa ta ɗaga kai ta kalle shi, ta danna yatsa, na'urar ta yi ƙarar makara.

A makon nan gargaɗinta ya cika. Aka kira ta ofis, aka gode mata da shekarun da ta yi tana ɗinki, aka ce ta kwashe kayanta. Ta ɗauki almakashinta da ɗan matashin da take tokare gwiwa da shi. Ta gaban hoton nata ta wuce ta fita. Kafin wata ya ƙare ta sayar da motar don biyan haya.

Hoton dai bai sauka ba. Ranar bikin raba kyaututtukan muhalli aka hura balan-balan kore, Manaja ya riƙe lasifika yana washe baki.

"Ina jarumarmu? Ta fito mana!"

Babu wanda ya motsa. Ɗan Kore ya raɗa masa wani abu a kunne. Ko gezau Manaja bai yi ba.

"To, ai ƙanwarta na nan. Zo ki karɓa mata."

Aka gungaro sabon keke, kore shar, da ƙyallen ado ɗaure a ƙaho. Keke, ga matar da ko tsugunno ba ta iyawa. Aka yi tafi. Na so in tofa masa yawu a takalmi, amma yanzu albashina kaɗai ke riƙe da gidajenmu biyu. Na sa hannu na karɓa, har na ji bakina yana cewa na gode, kunyar kaina ta rufe ni.

Na turo shi har gidan Yaya. Tana zaune a tsakar gida ta miƙe ƙafa tana shafa magani. Na jingine keken inda motar take tsayawa, kan tabon baƙin mai da ta bari a ƙasa. Na faɗa mata yadda aka yi.

Ta kalli keken. Sannan ta rufe kwalbar maganin.

"Gobe ki mayar musu da abinsu," ta ce. "Amma ki tura shi da hannu, kin ji ko? Kada ki kuskura ki hau. Kar su ɗauke ki hoto ke ma."