Kumatun da Umma Ta Nema

Tun da ciwon sukari ya cinye idanun Umma, da hannu take ganin mutum. Duk ranar da na je, sai ta kamo fuskata, ta shafa kumatu, ta matsa damtse, kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa.

Ranar nan da ta shafa, hannunta ya tsaya cak.

"Auta, ina kumatun?"

"Suna nan, Umma."

"Makauniya ce ni, ba sakarya ba. Ƙashi nake ji. Mijin naki ne? Cefane ya daina, ko ƙuntata miki yake?"

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Ban taɓa gaya mata ba. Lokacin da nake da cikin 'yata Ƙarama, sukarina ya hau. Bayan haihuwa ya sauka, amma likita ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: wadda ta yi haka, ga kuma uwa mai ciwon, a bakin ƙofa take. In na rage nauyi, na riƙa motsa jiki, da yiwuwar ba zan shiga ba. Shi ne na bar lemon kwalba, na rage shinkafa, na ƙara ganye. Kullum da safe sai in goya Ƙarama in zaga layinmu har gumi ya jiƙa mini riga.

Umma ta lalubi bango har teburin kwanuka. Akwai gwangwanin sukari da ta ajiye don baƙi tun da aka hana ta. Ina kallo tana ɗiba tana ƙarawa, rabi a kofin shayi, rabi a kan tebur.

"Shanye. In shi ba zai ciyar da ke ba, ni ban mutu ba."

Na riƙe shayin yana ƙona mini tafi. Abin da ya rage mata ke nan da take iya yi mini da hannunta.

"Umma, ba zan sha ba."

Na gaya mata komai. Na ce, "So nake in ga girman Ƙarama. Da idona."

Ta zauna, na ɗora mata yarinyar a cinya. Ta bi fuskar da yatsa, goshi, hanci, haɓa.

"Wai da ni take kama?"

"Sak."

"Ƙarya kuke, ƙawata ta fi ni hanci." Sai muryarta ta karye. "Ni ba wanda ya ce mini akwai wata ƙofa, Auta. A ciki kawai na tsinci kaina."

Ta ci gaba da shafa fuskar Ƙarama. Shayin ya huce a hannuna.

"Je ki zubar da shi," ta ce.

Da na dawo ta sake kamo fuskata, ta shafa inda kumatun suke a da.

"To, su tafi. Amma da kin shigo ki riƙa yin magana, kar wata rana in kasa gane ki."