Kyautar da Ta Kashe Mai Guga

Kuna wurin, kada wani ya ce mini bai gani ba. Mai Guga ya saki dutsen guga a kan wandon wani, ya dafe ƙirji da hannu biyu, ya sulale ya zauna a kan buhun gawayi. Ku kuwa sai da kuka duba wandon kafin ku dubi mutumin.

"Haba Baba, za ka ƙona mini shi!" in ji direban da ke haya a gidanmu, ya fizge abinsa.

"Ba komai," Baba ya ce yana haki. "Zuciyar ce ta sake sukuwa. Yanzu za ta gaji ta tsaya."

Aka yi dariya.

"Gajiya ce kawai. Ga maganinta." Direba ya fasa gwangwanin lemon ƙarin kuzari ya miƙa masa. Baba ya karɓa, ya shanye.

Shagonsa yana manne da katangar gidanmu. Ɗaki ne ɗan ƙarami, da igiya biyu na rataye kaya, da tebur da aka lulluɓe da tsohon bargo wanda zafi ya yi wa tabo ko'ina. A layinmu, duk mai son a tsallake na wasu a goge nasa, ya san abin yi: ya ajiye gwangwani a kan teburin, ko ya sa mai shayi ya kawo baƙin kofi mai kauri. Baba ba ya mayar da kyauta. A gabanka zai sha, don kada ka ce ya raina.

Matarsa, wadda duk muke kira Inna, ta taɓa kai shi asibiti. Likita ya gaya musu ɓaro-ɓaro: ba kofi, ba shayi mai ƙarfi, ba lemon gwangwanin nan, a rage gishiri. Inna ta janye gishiri daga tukunyarta har yaranta suka riƙa ƙorafi. Amma tukunya ce kaɗai a hannunta. Teburin gugan namu ne.

Ta je wurin mai shayi ina tsaye.

"Don girman Allah, ɗana, ka daina aika masa."

"Inna, ni na ɗura masa? Mutane ke saya. In na ƙi, su tsallaka titi."

Na sa baki, na ce abin nan yana zaburar da zuciyar da ta riga ta gaji, kamar a yi ta dukan dabbar da ke ɗingishi. Masu zaman benci suka kwashe da dariya.

"Likitan layi ya iso! Malam, koma ka koya wa ɗalibanka. Mu da muke shan uku-uku, ga mu garau."

Shi kansa Baba na same shi yana hura gawayi.

"Malam, na ji likita, ba kurma ba ne ni," ya ce. "Amma mutum ya kawo maka abu da hannunsa, ka ce ba ka so? Gobe wani shagon zai kai kayansa, ya ce tsohon ya fara girman kai."

"Ka karɓa ka ajiye mana."

"Yana tsaye yana kallona?"

Sai wutar lantarki ta ɗauke a unguwar ta ƙi dawowa. Duk masu guga a gida suka tuna da mai dutsen gawayi. Kaya suka taru har bakin ƙofa, kowa nasa na gaggawa ne, kowa da abin da ya riƙo. Ranar ƙarshe na wuce da safe na ga kofuna a jere a kan taga, gumi na ɗiga daga haɓarsa, jijiyar wuyansa tana harbawa ana gani daga titi.

"Baba, ka zauna."

"In gama na mai kemis tukuna. Ya ce da azahar."

Bai kai azahar ba. Inna ta kawo masa abinci ta tarar da shi a kife tsakanin tebur da bango. A motar direba aka sa shi. Ita ta riƙe kansa a cinyarta tana kiran "Baban yara, Baban yara," har ƙofar asibiti, inda ma'aikaciyar jinya ta taɓa wuyansa ta girgiza kai.

A wurin zaman makoki na ji ku. "Lokaci ne ya yi." "Ai jiya ma muna tare, lafiyarsa ƙalau." Babu wanda ya musa cewa rai na Allah ne. Amma ba lafiyarsa ƙalau ba, kuma kun sani.

Da aka share makoki, Inna ta buɗe shagon ta kwashe kayan da bai kai gare su ba. Ba ta iya guga da gawayi ba. Ta ninke su yadda suke, ta ɗora a kai, tana bi gida-gida tana sallama a hankali, tana miƙa wa kowa nasa tana ba da haƙuri. Haƙuri take ba ku!

Yau ko gobe za ta iso ƙofarku. Kada ku nemi wani mai gugan. Ku sa kayan a yamutse ku fita da su, kuma duk wanda ya tambaye ku dalili, ku tsaya ku gaya masa.