Ranar da Illo Ya Tambaye Ni Sunan Ɗana

Ƙanena Illo ya gama lakwal, wato makarantar boko, a Tawa, ya dawo Konni da takardarsa a daminar da ɗana na fari ya soma koyon magana. Ni na riƙe Illo tun rasuwar innarmu, don haka neman aikinsa a kaina ya sauka.

A farkon samun 'yancin kai, in yaro ya iya rubuta sunansa da Faransanci, har gida ake biyo shi da aiki. Amma kafin Illo ya gama, masu takarda sun yi yawa. Ya je kamfanin siminti na Malbaza, aka ce masu sanin inji ake nema. Ya tambayi aikin duwan, wato kwastan, aka ce sai an yi jarrabawa a Yamai baɗi. Ga abokinsa Chindo kullum yana ƙofar gidanmu yana zuga shi.

"Bari a yanke gero mu bi mota sai Abijan. Can ko sayar da agogo kake, ka fi akawu."

"Chindo, tashi ka ba ni wuri," in ce masa. "Wanda duk ya tahi Abijan daga unguwag ga, hotonsa kaɗai ka dawowa."

Illo sai ya yi dariya, amma na ga ya fara gyaran tsohon akwatin babanmu. Gero kuwa ya riga ya fitar da kai.

Ana nan maigidana ya jiyo a kasuwa cewa buron da ake yanka takardar haihuwa, wato ofishin, na neman akawu, kuma ran Laraba za a gwada masu so. Shugaban buron, Mushe Hamani, Bazabarme ne da aka turo daga yamma. An ce ba abin da ya tsana kamar sanayya. In ka ce masa kai ɗan wane ne, ka gama da kanka.

Na zaunar da Illo na yi masa huɗuba. Na goge masa riga da dutsen gawayi, na sa ya yanke farce.

"Ka gai da shi, kada ka cika surutu. In ya tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. Babba duka, kada ka nuna ka san kowa a wurin nan. Ko ni ka gani, ba ka san ni ba."

"To ke mi za ya kai ki can, Yaya?"

"Misali nika yi maka."

Ba misali ba ne. Da safiyar Laraba zuciyata ta ƙi kwanciya. Na tuna ban taɓa yanka wa yaron nan takarda ba, na ce ga dalili ya samu. Na goya shi, na ja maƙwabciyata Goggo Balaraba mai fura, muka je muka zauna kan benci cikin mata, ina leƙen Illo ta taga. Ya yi kyau abinsa, sai dai gumi.

Ashe gwajin Mushe Hamani ba na alli da allo ba ne. Mai neman aiki zai zauna a tebur, a kira mace daga benci, ya yanka mata takarda a gabansa. Da layi ya zo kan Illo, mai gadi ya leƙo ya nuna ni da baki.

"Ke mai goyo, shigo."

Na shiga. Illo ya ɗago kai, ya gan ni. Sai ya tuna huɗubata, ya ɗaure fuska kamar jandarma.

"Madam, mi ne ne sunan yaro?"

Na dube shi. Kowa a ƙasar nan ya san uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Tun ranar suna bakina bai taɓa furta shi ba, "yaron nan" nake cewa. Illo ya fi kowa sani, shi ya riƙe ragon sunan. Amma in ya rubuta ban faɗa ba, Mushe Hamani zai gane mun san juna.

"Madam, sunan yaro," ya sake cewa, muryarsa ta sirance.

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin zane.

"To... sunan uban yaro?"

Wannan kuma ya fi na farko. Sunan mijina, a gaban baƙon namiji! Na harare shi harara irin wadda nake masa in ya sa hannu a tukunya.

Mushe Hamani ya buga tebur. "Kullum haka! Mace ta taso tun daga Tsarnawa, ta zo nan ta zama kurma. Wanda ya bar aikin nan tsawa yake musu, su kuwa su kwashi 'ya'yansu su gudu."

Tsawar ta ta da yaron daga barci. Ya leƙo ta kafaɗata, ya ga mai ba shi ƙuli-ƙuli kullum, ya miƙa hannu biyu.

"Kawu! Kawu!"

Na ji kamar in nutse. Na ce shi ke nan, da hannuna na sa ƙanena a motar Abijan.

Mushe Hamani ya cire tabarau. "Ɗan 'yar'uwarka ne?"

"E, Mushe. Yayata ce."

"Ka san sunan, kake wahal da ita?"

"Ita ta ce in nuna ban san kowa ba."

"Ni na ce, ranka shi daɗe," na yi maza na karɓe. "Bai san zan zo ba. Laihina ne."

Mushe Hamani ya dube ni, ya dubi Illo, gefen bakinsa na motsi. "To, in wadda ba ka sani ba ce fa? Yaya za ka yi da ita?"

Illo ya share gumi. "Ba ita zan tambaya ba, Mushe. Mai ɗan fari ba ta zuwa ita kaɗai. Kullum akwai wadda ta rako ta."

Ya tashi ya leƙa taga. "Wa ta rako wagga baiwar Allah?"

Goggo Balaraba, wadda dama kunnenta na manne da taga, ta rangaɗa sunan yaron, da na ubansa, da na kakansa, ta ƙara da cewa ran kasuwar Badagishiri aka haife shi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Matan benci suka kwashe da dariya.

"Wannan ta gida ce," in ji Mushe Hamani. "A kira wata."

Aka shigo da wata yarinya daga wani ƙauyen Illela, jariri a hannu, kai a ƙasa. Illo ya gaishe ta da gajiyar hanya, ya ce ta zauna ta huta, ya kira gwoggon mijinta da ta rako ta. Kafin jaririn ya gama hamma an gama takarda. Yarinyar ta fita tana murmushi, ba ta ce uffan ba.

Mushe Hamani ya mayar da tabaransa. "Litinin ka zo da alƙalaminka. Ke kuma, madam, kada in sake ganin ki a tagata."

Da yamma Chindo ya zo da labarin mota. Ya tarar na zazzage akwatin babanmu, na zuba albasa a ciki.

Illo kuwa har yau in ya dawo daga buro, sai ya tsaya a bakin madafa ya ɗaure fuska.

"Madam, mi ne ne sunan yaro?"

Ni kuma in ɗauki muciya.