Hawayen Mai Walda

"Ɗaga hannun mana, ko so kake in auna ka da ido?"

Mai Walda ya ɗaga hannuwa sama kamar wanda 'yan sanda suka tare. Na zagaya tef a ƙirjinsa, na duba. Inci uku ya ƙaru, kuma ba faɗin kafaɗa ba ne.

"Faɗi mana, Tela. Nono ne, na sani. Ina da madubi."

"Zan buɗa rigar ta gefe, in ɗora aljihu biyu a gaba. Ba wanda zai lura."

Ban rufe baki ba zufa ta keto masa. Fuskarsa ta yi jawur, wuyan rigar ya jiƙe sharkaf, ya dafa keken ɗinkina yana haki. Na buɗe firij na ciro jiƙaƙƙen tawul na ɗora masa a ƙeya.

"Barka da shigowa ƙungiyarmu," na ce. "Mu mata mun daɗe a ciki."

Shekara ashirin da biyu ƙofata na kallon tasa a hawa na biyu, kuma a tsawon wannan lokaci ban taɓa jin ya ce wayyo ba. Mutum ne mai taurin kai da kaifin baki, ya ƙare rayuwarsa gaban tartsatsin wuta. Sai ciwon daji ya kama shi a ƙarƙashin mafitsara, irin na maza. Likita ya ce ciwon da sinadarin maza yake ƙiba, don haka duk wata uku za a riƙa yi masa allurar da za ta kashe sinadarin. Allura ta danne ciwo, amma ta zo da kayanta: tumbi, kasala, ƙirji, zafin nan mai tasowa ba sallama irin na matan da al'ada ta ɗauke musu, da kuka.

Ni na koya masa dabarun. Rigar auduga, tawul a firij, ya rage shayi mai zafi, ya riƙa hawa da saukar bene sau biyar da safe ko ƙafa na so ko ba ta so. Yana yi yana mita.

Ranar awon nan, da zafin ya lafa, ya zauna a kujerar masu jira yana juya tawul a hannu.

"Tela, haka marigayiya ta ji?"

Matarsa yake nufi, shekara shida ke nan da rasuwarta.

"Haka ta ji. Shekara huɗu cur."

"Na ce mata raki ne. Ta kunna fanka in kashe, in ce za ta sa min mura. Da ciwon ajalinta ya zo ma raki na ce, sai da 'yarta ta ɗauke ta ta kai asibiti."

Hawaye suka zubo masa. Ban ce masa ba kome ba, domin da kome. Ta bango nake jin su a lokacin.

'Yar tasa ita kaɗai gare shi, malamar makaranta ce, shi kuma Uwata yake kiranta. Duk Asabar tana zuwa. Ta cika firij, ta jera ƙwayoyi, ta goge ƙasa, ta ce "Baba, na tafi." Ba ta taɓa fashi ba, ba ta kuma taɓa zama ba. Jakarta ma a kafaɗa take yin shara.

Wata Asabar na kai masa riguna, ƙofa a buɗe, na tarar ya riƙo gefen mayafinta.

"Uwata, na cuci mahaifiyarki, na cuce ki. Ki yafe min."

Yana faɗa yana shessheƙa. Ta zare mayafin a hankali, ta miƙa masa hankici.

"Baba, allura ce. Likita ya faɗa mana za ka riƙa kuka haka kawai. Makon jiya tallan sabulu ka yi wa kuka a talabijin."

Ba da faɗa ta faɗa ba, wallahi da ta yi faɗa da ya fi sauƙi. Ta gaishe ni, ta sauka bene. Shi kuwa ya bi hankicin da kallo.

Igiyar shanya ce ta tona masa asiri. Igiya ɗaya muke amfani da ita a baranda, kuma kullum da safe sai na ga zanen gadonsa a kai, saboda zufa. Sai ya koma kwana bibbiyu, sai mako-mako. Da farko na ce jiki ne ya saba. Da na ga watanni sun ja, ga shi ya fara jan ƙafar hagu, sai na tare shi a bakin bene.

"Maƙwabci, yaushe rabonka da allura?"

"Ke likita ce?"

"Ni tela ce, amma ba makauniya ba ce. Yaushe?"

Ya kalli silin. "Biyu suka wuce ni. Ina fita ranar, in zauna a tsohon shagona, in dawo."

"Kai, amma ka cika tsohon banza! Ranka kake wasa da shi?"

"So nake ta fita daga jikina tas. In na sake roƙon yarinyar nan, ba za ta ce allura ce ba."

"In ka mutu kafin nan fa?"

"To ai in na mutu da allurar ma ba ta yarda ba. Ki rufa min asiri, Tela."

"Ba zan rufa ba. Asabar ko ka faɗa mata, ko ni in faɗa."

Ban so na jira Asabar ɗin ba, har yau abin yana ci min rai, ko da yake kwana uku ba za su sauya kome ba. Ranar Juma'a da hantsi ya sunkuya ɗaukar buta, ya kasa miƙewa. Mai kantin da ke ƙasan benenmu da wani direban tasi suka sauko da shi a kujera. A asibiti aka ɗauki hoto, aka ce ciwon ya shiga ƙashin baya da ƙugu. Na tambayi likita ko fashin allurar ne ya jawo. Ya ce ba zai rantse ba, amma fashin bai taimaka ba ko kaɗan.

A barandar asibitin na faɗa wa 'yar kome. Tana tsaye da ledar magani a hannu, ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta tura ƙofar ɗakin da ƙarfi, na bi ta.

"Baba, wa ya ce ka yi haka? Wa ya aike ka?"

Yana kwance ɗai-ɗai, ba ya iya juyawa, sai idonsa ya juyo.

"Zauna, Uwata."

"Ba zan zauna ba! Kullum abin da ka ga dama shi kake yi, mu kuma mu kwashi wahala!"

"Gaskiya ne. Wata takwas rabona da allura. Ki tambayi likita, jinina yana hannunsa. Na cuci mahaifiyarki. Na cuce ki. Ki yafe min."

Ina jin ya so ya faɗa da busasshen ido, don na ga yana cije leɓe. Bai iya ba. Hawaye suka gangaro ta gefe suka shiga kunnensa.

"Wannan kukan nawa ne," ya ce.

Ta sauke jakar daga kafaɗa, ta ajiye a ƙasa, ta ja kujera.

"Na ji, Baba. Na yafe. Amma yau za a yi allurar nan."

"A yi."

An yi, an ƙara da wasu magunguna, zufa ta dawo, kuka ya dawo. Wata biyar ya ƙara a duniya, yawanci a gadonsa. Ta ɗauki hutu ta tare a ɗakin. Ta bango nake jin su, wani lokaci gardama, wani lokaci dariya, sau ɗaya kuma ita ce ke kuka shi yana ba ta haƙuri. Ya rasu wata Talata da safe, tana yanke masa farce. Allah ya jiƙansa. Na yi kewarsa fiye da yadda na zata, har da baƙar maganarsa.

Bayan mako biyu ta zo kwashe kaya, na shiga taya ta naɗe labule. A aljihun tebur ta ci karo da katin asibitinsa, mai layi-layi, kowace allura da kwanan wata da sa hannun nas. Layi biyu a tsakiya fari fat. Ta zauna a bakin katifa, ta ɗora babban yatsanta a kansu. Na ci gaba da cire labulen, rana ta shigo ɗakin har kan ƙafafunta.