Numfashin Ladan Badamasi

Shekara ashirin da biyu Badamasi ya yi a bakin injin casar shinkafa a Kura, yana shaƙar ƙaiƙayi da garin dusa. Shi ne kuma ladanin masallacin unguwarsu. Tari ya fara masa kamar wasa. Kafin kakar tumatir ta zagayo, daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai ya huta sau biyu. Ya bar injin, maƙwabcinsa Sammani ya karɓi kiran salla.

A wani asibiti a Kano aka tura shi sashen gashin ƙashi da motsa jiki, wurin wata likita mai suna Mansura. Ta koya masa jan iska ta hanci, ya sake ta a hankali ta baki kamar mai hura kunu. Ta nuna wa matarsa Saude yadda za ta lanƙwasa tafin hannu ta riƙa bubbuga masa baya har majina ta taso.

Badamasi ya ce, "Likita, in na dage zan koma kiran salla?"

Mansura ta ce, "Baba, abin da garin dusa ya ci a huhu ba ya dawowa. Wanda ya rage muke lallaɓawa."

Ya ji, amma bai yarda ba. Wata huɗu yana yi safe da yamma. Ya koma iya taka ƙafa har bakin gonar albasar ƙaninsa. Ganin haka, wata Laraba da azahar ya roƙi Sammani ya ba shi lasifika.

Kabbara biyu ya yi lafiya. A ta uku muryar ta tsinke, tari ya turnuƙe shi, duk unguwa na ji. Sammani ya zare lasifikar daga hannunsa ya sake kiran daga farko. A zaune Badamasi ya bi jam'i, babu wanda ya iya haɗa ido da shi.

Ranar komawa asibiti Saude ta fito masa da riga. Ya ce ta mayar.

"Malam, ko don ka samu sauƙin kwanciya."

"Sauƙin me, Saude? In daɗe ina kallon bango?"

Bai sake zuwa Kano ba. Masallacin ma ya daina zuwa. Damina na faɗuwa ƙafafunsa suka kumbura, tun daga nan ko zaure bai ƙara leƙawa ba.